Gasar share fage ta matasa: amfaninta da matsalolinta

A duk shekara, da zarar an ba da dogon hutun makaranta wajen ƙarshen watan Yuli, filayen makarantu da fulotan da ba a gina ba a unguwannin birnin Katsina kan cika da yara da matasa masu buga tamaula.

Unguwar Ƙofar Kaura, wadda ta samo sunanta daga ɗaya daga cikin tsoffin ƙofofin ganuwar birnin, ta inda hanyar Kano ta fita, na daga cikin wuraren da ake ganin haka da zarar an sauko daga sallar La'asar.

A irin wannan lokaci ne ƙungiyoyin unguwa da ƙananan makarantun koyar da ƙwallon ƙafa kan shirya gajerun gasa a tsakaninsu, kafin a shiga kakar wasanni gadan-gadan. Irin waɗannan wasanni su ake kira gasar share fage.

Jama'a da dama na yi mata kallon wasan yara kawai. Sai dai kuma a nan ne ake fara tantance yaron da zai ci gaba da wasa da wanda zai haƙura, kuma a nan ne ake fara rubuta sunan ɗan wasa da shekarunsa. Kuskuren da aka tafka a wannan mataki yakan bi yaro har ƙungiyar ƙasa.

Mece ce gasar share fage?

Gasa ce da ake yi cikin 'yan kwanaki ko 'yan makonni kafin a fara babbar gasar shekara, da nufin gwada 'yan wasa da kuma shirya jikinsu.

Manyan ƙungiyoyi ma suna yin ta. A Kano an riƙa shirya gasar Ahlan, wadda ke haɗa ƙungiyoyin gasar Firimiya ta Najeriya da na ƙananan rukunoni kafin a buɗe kaka.

Tun daga kakar 2023/2024, gasar Firimiya ta koma farawa a ƙarshen damina, a kammala ta a watan Mayu ko Yuni. Hakan ya sa lokacin share fagen manyan ƙungiyoyi ya zo daidai da dogon hutun 'yan makaranta, wato lokacin da masu neman sababbin 'yan wasa ke zagayawa, yaran kuma suna da sarari.

A matakin unguwa tsarin ba shi da wuya. Akan kafa kwamiti, kowace ƙungiya ta biya kuɗin shiga, a jefa ƙuri'a a raba su rukuni-rukuni, daga nan a shiga zagayen sili ɗaya ƙwale har zuwa wasan ƙarshe.

Galibi wani ɗan kasuwa ne ko ɗan siyasa ko tsohon ɗan wasa ke sa kofi. Kyautar kan kasance kuɗi ne ko rigunan wasa da ƙwallaye, wani lokaci har da rago.

Akan kasa yaran bisa shekaru, kamar 'yan ƙasa da 13 da 15 da kuma 17. Dokokin ƙwallon ƙafa na duniya sun bai wa hukumomin ƙasashe damar rage tsawon lokacin wasa da girman fili da na ƙwallo idan yara ne ke bugawa, sun kuma yarda a mayar da ɗan wasan da aka riga aka canja.

Tushen wasannin matasa a Katsina da Kano

Katsina ta daɗe da sanin wasanni masu tsari. A Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu, wasannin motsa jiki na cikin tarbiyyar ɗalibai. A zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne kuma ƙwallon dawaki ya kafu a birnin.

Babban filin wasa na jihar, wanda da ake kira Karkanda, yana ɗauke ne da sunan wannan sarki, kuma yana cin 'yan kallo kimanin 35,000. Ƙungiyar Katsina United da ke wasa a cikinsa ta taɓa kaiwa wasan ƙarshe na cin kofin ƙalubale na Najeriya sau uku a jere, a 1995 da 1996 da 1997, kodayake ba ta ɗauki kofin ba.

A fagen matasa kuwa, gasar da ta fi suna a arewacin ƙasar ita ce ta cin kofin Ramat, wadda ƙungiyar wasannin matasa ta Najeriya, YSFON, ke shiryawa a Kano tare da gwamnatin jihar.

Ana yin ta ne domin tunawa da Janar Murtala Ramat Muhammed, shugaban mulkin soja ɗan asalin Kano da aka kashe ranar 13 ga watan Fabrairun 1976. Ta 'yan ƙasa da shekaru 16 ce, tana haɗa tawagogi daga jihohi daban-daban, kuma an shafe fiye da shekaru 30 ana gudanar da ita.

Ƙungiyar ta YSFON ce ta riƙa kai yaran Najeriya gasannin matasa na Turai da Amurka a farkon shekarun 1980, ciki har da gasar Gothia ta ƙasar Suwidin.

Ba a daɗe ba aka ga sakamakon wannan aiki. A 1985 Najeriya ta lashe gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekaru 16, karon farko da hukumar Fifa ta shirya ta, bayan da ta doke Jamus ta Yamma da ci biyu da nema a birnin Beijing na ƙasar Sin.

Daga bisani, bayan an mayar da gasar ta 'yan ƙasa da shekaru 17, ƙasar ta sake ɗaukar kofin a 1993 da 2007 da 2013 da kuma 2015. Tawagar 2013 Manu Garba ne ya horar da ita, kyaftin ɗinta kuma Musa Muhammed ne daga Kano.

Shirya jiki da kauce wa rauni

Amfani na farko da masu horar da 'yan wasa ke ambata shi ne na lafiyar jiki.

Yaron da ya shafe makonni yana fama da jarrabawa ba ya atisaye, idan aka jefa shi cikin wasa mai zafi kai tsaye, ya fi saurin samun targaɗe ko ciwon tsoka. Gajerun wasanni da ake ƙara musu tsawo sannu a hankali su ne ke mayar da jiki kan turba.

Lamarin ya fi muhimmanci ga 'yan shekaru 12 zuwa 15, lokacin da ƙashi ke tsawo da sauri fiye da yadda tsoka da jijiyoyi ke iya binsa. A wannan tsakani ne yara kan yi kukan ciwo a ƙasan gwiwa ko a diddige, abin da sau da yawa akan ɗauka ragwanci ne.

Lokacin share fage ne ya fi dacewa a saba wa yara da ɗumama jiki yadda ya kamata. Hukumar Fifa tana da wani tsari na musamman da ake kira 11+, wanda ke ɗaukar kimanin minti 20, ya ƙunshi sassarfa da tsalle da motsin ƙarfafa cinya da ƙugu, kuma ba ya bukatar wani kayan aiki mai tsada.

Wani bincike da aka yi a Norwe aka buga a 2008, a kan 'yan mata masu shekaru 13 zuwa 17, ya nuna tsarin ya rage yawan rauni da kusan kashi ɗaya bisa uku.

An maimaita irin wannan gwaji a Legas a kan samari masu buga gasar matasa ta jihar. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna raunin ya ragu da kashi 41 cikin 100 a ƙungiyoyin da suka bi tsarin.

Damar gwaji ga koci da yara

Amfani na biyu shi ne 'yancin yin gwaji. Idan kaka ta kankama, maki ake nema, don haka koci yakan tsaya ne a kan yara 11 da ya amince da su, sauran kuma su dawwama a benci.

A gasar share fage babu wanda zai faɗa ƙaramin rukuni saboda ya sha kashi. Koci na iya ɗauko ɗan baya ya gwada shi a tsakiya, ko ya ba mai tsaron gida na biyu wasa cikakke, ko ya sa ƙaramin yaron da bai taɓa jin ihun 'yan kallo ba.

Wannan na da muhimmanci domin yara ba sa girma lokaci ɗaya. A cikin 'yan shekaru 14 akwai wanda ya riga ya zama ƙato, akwai kuma wanda ko murya bai fasa ba. Idan nasarar yau kaɗai ake dubawa, ƙaton za a riƙa ɗauka, alhali mai ƙaramin jikin na iya fin sa basira, kuma bayan shekara biyu ko uku zai kamo shi a tsawo.

Yaron da ya shekara yana zuwa atisaye ba a taɓa sa shi a wasa ba, a ƙarshe daina zuwa yake yi, ba tare da kowa ya lura ba.

Gasar kan zama makaranta ga ƙananan alƙalan wasa ma, waɗanda a nan suke fara riƙe usur a gaban jama'a.

Rajista da haƙƙin ƙungiyar unguwa

Akwai wani amfani da ba a cika maganarsa ba, wato rubuta sunayen 'yan wasa.

A ƙa'idojin Fifa, idan aka sayar da ƙwararren ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tun yana shekara 12 har zuwa 23. Akwai kuma diyyar horo da ake biya idan ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararru.

Amma kuɗin ba ya isa ga ƙungiyar da ba ta yi rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ba, ko wadda ba ta shigar da sunan yaron a kundin hukumar ba. A 2022 Fifa ta buɗe wani ofishi na musamman da ke biyan irin waɗannan kuɗaɗe, kuma da abin da ke rubuce yake aiki.

Ke nan kocin unguwa na iya shafe shekaru biyar yana saya wa yaro takalmi da ruwan sha daga aljihunsa, yaron ya tafi Turai, shi kuma ya tashi a tutar babu.

Gasar da ta sharɗanta cewa sai ƙungiya ta kawo sunayen 'yan wasanta da hotunansu da takardar haihuwa kafin a fara, ita ce ke tilasta wa masu ƙungiyoyi yin wannan aiki tun da wuri.

Tarihin Ahmed Musa ya nuna yadda matakan suke. Ya fara ne daga makarantar ƙwallo ta GBS a Jos, ya buga wa JUTH, sannan Kano Pillars, inda ya ci ƙwallaye 18 a kakar 2009/2010, kafin ya koma VVV-Venlo ta ƙasar Holan a 2010. Kowane mataki na wannan tafiya sananne ne, kuma a rubuce yake.

Darasi daga Ailan

Wata ƙasa da tsarinta ya yi kama da na unguwannin ƙasar Hausa ita ce Ailan, duk da cewa wasan da ya fi jan jama'a zuwa fili a can ba ƙwallon ƙafar da aka sani ba ne.

Suna da nasu na gargajiya da ake kira ƙwallon Gelik. Mutum 15 ne a kowane ɓangare, kuma an yarda a kama ƙwallon da hannu a yi taku huɗu da ita, sannan a buga ta a ƙasa ko a kan ƙafa. Turakun ragar dogaye ne. Idan ƙwallo ta shiga raga maki uku ne, idan ta bi ta sama tsakanin turakun maki ɗaya, kuma daga 2025 an ƙara maki biyu ga wanda ya ci ta sama daga nesa.

Ƙungiyar GAA da aka kafa a garin Thurles a 1884 ce ke kula da wasan. 'Yan wasanta ba sa karɓar albashi, ko da kuwa su ne ke buga wasan ƙarshe a filin Croke Park na birnin Dublin, mai cin mutum fiye da 82,000.

Ginshiƙin tsarin shi ne ƙungiyar ƙauye ko ta unguwa. A al'ada yaro yana buga wa yankin da ya tashi ne, kuma daga cikin waɗannan ƙananan ƙungiyoyi ake zaɓo tawagar gunduma. Saboda haka kowace ƙungiya ta san cewa yaron da ta bari ya daina wasa, ba ta da inda za ta sayo madadinsa.

Wannan ne ya sa GAA ta shimfiɗa wa 'yan ƙasa da shekaru 12 wani tsari da take kira Go Games. Ana rage yawan 'yan wasa da girman fili, dole kowane yaro ya samu shiga, kuma ba a yin zagayen sili ɗaya ƙwale ko wasan ƙarshe na cin kofi. A 2023 hukumar ta sake jaddada wannan doka, abin da ya jawo muhawara tsakanin iyaye da masu horarwa, inda wasu ke ganin an hana yara koyon ɗacin faɗuwa da daɗin nasara.

Waɗanda suka ɗan tasa kuwa suna da bikin wasanni na shekara-shekara mai suna Féile, wanda ɓangarensa na ƙwallon Gelik ya faro a 1982.

A matakin manya, kowane ɗaya daga cikin larduna huɗu na tsibirin yana da gasar share fage a watan Janairu. Daga ciki akwai kofin McKenna na lardin Ulster da aka fara a 1927, da kofin O'Byrne na lardin Leinster da aka fara a 1954. A nan ne masu horar da tawagogin gundumomi ke gwada samarin da suka taso.

An dakatar da waɗannan gasanni a 2025, bayan koke-koken cewa wasanni sun yi wa 'yan wasa yawa, musamman ɗaliban jami'a da ke buga wa makarantarsu da gundumarsu a wata ɗaya. An dawo da su a 2026.

Abin lura a nan shi ne, a lokuta biyun nan muhawarar ta ta'allaƙa ne a kan ɗan wasan kansa: shin ya samu shiga fili, kuma shin jikinsa zai iya ɗauka?

Matsalar rage shekaru

A Najeriya babbar cutar da ke cin gasannin matasa ita ce ƙaryar shekaru.

Da zarar kyautar ta yi tsoka, wasu ƙungiyoyi kan ɗauko sojan haya daga wata unguwa ko wani gari, saurayi mai shekaru 19 ya aske gemu ya shiga cikin 'yan 15. Ganin ba kowane yaro aka yi wa rajistar haihuwa ba, kuma takardar rantsuwa kan shekaru ba ta da wuyar samu, kwamitin gasa ba ya da ƙwaƙƙwarar hujjar hana shi.

Illar ta kasu gida uku. Yaron da shekarunsa na gaskiya ne ya rasa gurbinsa. Wanda ya samu shiga kuma yana karawa ne da wanda ya fi ƙarfinsa, abin da ke ƙara haɗarin karaya. Shi kansa mai rage shekarun yakan yi fice ne da ƙarfin jiki, amma da ya shiga cikin tsaransa na gaskiya sai tauraronsa ya dusashe.

Domin daƙile wannan, Fifa ta fara amfani da na'urar MRI a gasar 'yan ƙasa da shekaru 17 da Najeriya ta karɓi baƙunci a 2009, wadda aka buga wasu wasanninta a Kano da Kaduna da Bauchi.

Na'urar na ɗaukar hoton wuyan hannu ne domin a ga ko wurin da ƙashi ke tsiro ya gama haɗewa. Masanan Fifa sun ce idan ya haɗe gaba ɗaya, kusan tabbas ne mai shi ya haura shekaru 17, kodayake wasu likitoci na ganin gwajin na iya zaluntar yaron da ya yi saurin girma.

Najeriya ta ɗanɗana kuɗarta a watan Agustan 2016. Ana dab da karawa da Jamhuriyar Nijar a wasan neman shiga gasar Afirka, 'yan wasa 26 daga cikin waɗanda aka tara a sansani suka faɗi gwajin.

Tawagar da aka harhaɗa cikin gaggawa ta ci ɗaya da nema a Abuja, amma ta sha kashi da ci uku da ɗaya a Yamai. Ta haka ne ƙasar da ke riƙe da kofin duniya ta kasa zuwa kare shi, Nijar kuma ta wuce har ta halarci gasar duniya a Indiya a 2017, karo na farko a tarihinta.

Waɗannan yara ba a sansanin Abuja suka fara faɗin shekarunsu ba. Tun daga filin unguwa da na makaranta lissafin ya karkace.

Dillalai da 'yan siyasa da yanayi

Duk inda matasa suka taru da burin zuwa Turai, dillalai na nan. Akwai na gaskiya masu lasisi, akwai kuma 'yan damfara da kan karɓi kuɗi daga iyaye da sunan biza da tikiti.

Dokar Fifa ta hana a kai ɗan wasan da bai cika shekaru 18 ba wata ƙasa, in ban da wasu 'yan dalilai da aka keɓe, kamar idan iyayensa ne suka ƙaura saboda abin da bai shafi ƙwallo ba. Don haka duk wanda ya yi alkawarin sama wa ɗan shekara 15 daga Katsina kwantiragi a Turai nan take, ya kamata a yi taka-tsantsan da shi. A al'ada, ƙungiyar da ke son yaro da gaske ita ke ɗaukar ɗawainiyar gwajinsa.

Sai kuma batun siyasa. Gasanni kan yawaita idan zaɓe ya gabato, a liƙa hoton ɗan takara a riguna, bayan zaɓe kuma a ji tsit. Irin wannan gasa ta fi damuwa da cikar fili ranar wasan ƙarshe fiye da horon yaran, kuma takan shigo da gabar manya cikin wasan ƙanana.

Yanayi ma na da nasa hukunci. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi a Katsina kan haura digiri 40, abin da ke sa wasan rana ya zama haɗari ga yara. A manyan gasanni Fifa kan ba da hutun shan ruwa idan zafi ya tsananta, kuma babu abin da zai hana gasar unguwa yin koyi.

Da damina akwai sauƙin zafi, amma filayen ƙasa kan yi santsi, ga kuma zazzaɓin cizon sauro da ke ƙaruwa a lokacin. Da hunturu kuwa ƙura ce ke damun masu ciwon asma. Azumin Ramadan, wanda ke matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, shi ma sai an duba shi wajen tsara jadawali.

Ga kuma ƙarancin fili. Yayin da birni ke faɗaɗa, wuraren da a da ake buga ƙwallo suna komawa gidaje da shaguna, har ya zama filayen makarantun gwamnati ne kusan kaɗai suka rage wa yaran unguwa.

Iyaye da unguwa

Iyaye da yawa na ɗari-ɗari da ƙwallo, saboda tsoron za ta raba yaro da karatun boko da na Islamiyya, ko ta sa shi sakaci da sallar Magariba. Damuwar tana da tushe, domin kaɗan ne ƙwarai daga cikin yaran da ke cika filaye za su ci abinci da ƙwallo.

Masu goyon bayan gasar na amsawa da cewa dogon hutu lokaci ne da matashi ke rasa abin yi, kuma a cikin zaman banza ne shaye-shaye da ƙungiyoyin tsageru ke samun mabiya, ko kauraye ne a Katsina ko 'yan daba a Kano.

A ganinsu, ƙungiyar da ke da lokacin atisaye da dokoki da babba mai tsawatarwa, wani nau'i ne na tarbiyya. Wasu masu horarwa kan sa sharaɗin zuwa makaranta kafin yaro ya sa riga, su kuma tsara wasa ya ƙare kafin kiran salla.

Sai dai gasar da ba ta da tsari na iya haifar da akasin haka. Hamayya tsakanin unguwanni kan rikiɗe ta koma jifa da dukan alƙalin wasa, musamman idan aka shigo da caca. Shi ya sa masu shiryawa kan nemi sa albarkar mai unguwa da dattawa tun kafin a buga wasan farko.

Ba Najeriya kaɗai ke da wannan al'ada ba. A Nijar, ciki har da Maraɗi mai maƙwabtaka da Katsina, akwai gasar babban hutu da aka fi sani da TGV, wadda ke haɗa ƙungiyoyin unguwanni. A Senegal kuwa gasar damina da ake kira Nawetan ta bunƙasa har ta samu hukumarta ta ƙasa, kodayake ita ma ta sha fama da tashe-tashen hankula a filaye.

Yadda ake gane gasa mai amfani

Idan aka haɗa abin da aka gani a waɗannan wurare, akwai 'yan alamomi da uba ko malami ko mai sa kofi zai iya dubawa.

Na farko, a tantance shekaru da takardar haihuwa da kundin makarantar firamare, tun kafin a jefa ƙuri'a, ba sai bayan an yi ƙorafi ba.

Na biyu, a tsara ta yadda kowace ƙungiya za ta buga wasanni uku ko huɗu ko da ba ta ci ko ɗaya ba, maimakon a kore ta ranar farko bayan ta biya kuɗin shiga da na mota.

Na uku, a sharɗanta cewa duk yaron da aka rubuta sunansa sai ya taka fili, a rage tsawon wasa, kuma kada a sa yaro ya buga cikakken wasa biyu a rana ɗaya.

Na huɗu, a tanadi ruwan sha da akwatin agajin gaggawa da wanda ya iya amfani da shi, tare da sanin asibitin da za a nufa idan wani ya ji rauni.

Na biyar, kyautar ta kasance ƙwallaye da riguna da kayan karatu fiye da tsabar kuɗi, domin kuɗi ne ke jawo sojan haya.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar babban filin wasa ko kasafin kuɗin gwamnati. Kwamitin unguwa a Ƙofar Kaura ko Ƙofar Marusa ko Ƙofar Guga na iya aiwatar da su da littafin rajista ɗaya da mutane 'yan ƙalilan masu gaskiya.

Bayan shekara biyu ko uku ba kowa zai tuna ƙungiyar da ta ɗauki kofi ba. Abin da za a iya ƙirgawa shi ne yara nawa ne daga cikin waɗanda suka buga har yanzu suke wasa, suke zuwa makaranta, kuma shekarun da ke jikin takardunsu su ne na gaskiya.